GCC ko Clang, glibc ko musl: wanne ya dace da ginshiƙin manhajar da muke ginawa a Sakkwato?

Bello, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan uwa, ina neman shawararku a kan wani lamari da ya tsayar mana da aiki. Mu 'yan ƙaramar ƙungiya ce ta masu rubuta manhaja a nan Sakkwato, kuma muna gina wani ginshiƙi da harshen C++, wanda wasu za su riƙa ɗora nasu manhajojin a kansa ba sai sun faro daga tushe ba. Ginshiƙin zai kula da ajiye bayanai a cikin na'ura ko da babu intanet, da daidaita su idan intanet ta samu, da kuma nuna rubutun Hausa a boko da ajami. Waɗanda muke hangen za su amfana da shi su ne makarantun Islamiyya da na boko masu son rajistar ɗalibai, da ƙungiyoyin manoman albasa na yankin Gada da Goronyo da Wurno, da 'yan kasuwar da ke hada-hada ta iyakar Illela. Mun yanke tun farko cewa kod ɗinsa zai kasance a buɗe ga kowa.

Na'urorin da zai hau kansu iri uku ne, kuma a nan wahalar take. Akwai wayoyin Android masu araha, waɗanda su ne mafi yawa a hannun mutane. Akwai tsofaffin kwamfutocin cinya da aka sayo na hannu, yawancinsu da Windows 10, wasu kuma har yau da Windows 7. Sai ƙananan na'urorin Raspberry Pi da muke son ajiyewa a ofishin makaranta ko na ƙungiya su zama uwar garke, wato sabar da sauran na'urori za su riƙa haɗawa da ita, saboda ƙaramin faifan hasken rana da batir guda sun ishe su.

Saɓanin da ke tsakaninmu a kan kayan haɗa manhajar ne. Wasu daga cikinmu sun ce mu tsaya ga GCC, wanda kompaila ne, wato manhajar da ke mayar da kod zuwa abin da na'ura za ta gudanar, da laburarensa na C++ libstdc++ (laburare tarin ayyuka ne da aka riga aka rubuta) da kuma laburaren C mai suna glibc, domin da su muka koyi aiki kuma su ne ke zuwa da Debian da Ubuntu. Wasu sun ce mu koma wani kompailan, Clang, da laburarensa libc++ gaba ɗaya, domin a samu kompaila guda a kowace na'ura. Ɗaya daga cikinmu kuma yana ganin mu bar glibc mu ɗauki musl, wani laburaren C ɗin, mu cusa komai cikin fayil guda da za a iya turawa ta Bluetooth ko filashi ya yi aiki nan take. Abin da ya ƙara tayar da maganar shi ne mun haɗa gwajin farko a kan Ubuntu 22.04, da aka kai shi wata kwamfuta mai Ubuntu 20.04 sai ya ƙi tashi, yana cewa bai samu GLIBC_2.34 ba.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba mu son sauka daga kansa: wasu masu rubuta manhaja, waɗanda ba mu san su ba kuma ba mu da iko a kan kayan aikinsu, za su riƙa rubuta sassan ƙari da ginshiƙin zai ɗauko yayin da yake aiki, misali sashen lissafin zakka ko na buga takardar sakamakon jarrabawa. Wasu daga cikinsu za su so su sayar da nasu sashen ba tare da buɗe kod ɗinsu ba, kuma ba mu son lasisin kayan aikinmu ya hana su. Wace hanya kuke ganin za ta ɗore da mu shekaru masu zuwa? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Umar, Gawon Nama

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Bello, Allah ya yi wa aikin albarka. A ganina kun fara muhawarar daga wurin da ya fi sauƙin sauyawa. Kompaila abu ne da za ku iya canzawa a cikin mako guda idan kod ɗinku ya bi ƙa'idar harshe, amma yadda ginshiƙinku ke magana da sassan ƙari, da zarar mutum na farko ya rubuta sashe ya raba wa makarantu, ya zama alkawarin da ba ku da damar warwarewa. Don haka da wannan iyakar ya kamata ku fara.

Dalili kuwa shi ne, GCC da Clang a kan Linux suna bin tsari ɗaya na kiran ayyuka da laƙaba musu suna a cikin fayil, wanda ake kira Itanium, saboda haka abin da ɗaya ya haɗa yana iya zama da abin da ɗayan ya haɗa. Laburarorin C++ ɗin ne ba su jituwa. Abin da libstdc++ ke kira std::string, wato nau'in da ke riƙe rubutu, da abin da libc++ ke kira da wannan suna, shimfiɗarsu a cikin ma'adana (RAM) ta bambanta, har sunayensu na ciki ma daban ne, ɗaya yana ƙarƙashin std::__cxx11, ɗaya yana ƙarƙashin std::__1, na Android kuma std::__ndk1. Ko a cikin gidan GCC kansa an taɓa samun rabuwa: a GCC 5, wanda ya fito a 2015, an sauya fasalin std::string da std::list domin su dace da ƙa'idar C++11, sai aka bar tsoho da sabo tare ana zaɓa da _GLIBCXX_USE_CXX11_ABI, kuma an daɗe ana fama da laburarorin da aka haɗa da tsohon fasali sun ƙi haɗuwa da na sabo. Idan ginshiƙinku ya miƙa wa sashen ƙari std::string ko std::vector kai tsaye, to kun wajabta wa duk wanda zai rubuta sashe ya yi amfani da laburarenku, da sigarku, da zaɓuɓɓukan haɗinku, alhali kun ce ba ku da iko a kan kayan aikinsa.

Mafita ita ce ku rubuta cikin ginshiƙin da C++ yadda kuke so, amma ƙofar da take fuskantar waje ta zama ta harshen C zalla: ayyuka ƙarƙashin extern "C", lambobi masu ƙayyadadden girma irin su int32_t da int64_t, rubutu kuma a matsayin UTF-8 tare da tsawonsa. Kada wani kuskuren da aka jefa da throw ya tsallake wannan ƙofa. Ku kama shi a ciki ku mayar da lambar kuskure. Kuma duk ma'adanar da ginshiƙi ya ware, shi zai sake ta da aikinsa na kansa. Ku dubi yadda SQLite, laburaren ajiye bayanai, ya yi: yana ba ka sqlite3_free domin kada ka saki abin da ya ware da free na wani laburare. A Windows wannan ba ƙawa ba ce, domin fayil ɗin DLL da aka haɗa da wani laburaren C yana iya samun rumbun ma'adanarsa daban da na babbar manhaja, kuma sakin abu a rumbun da ba nasa ba yana rusa manhaja a lokacin da ba a zata ba. Wata fa'ida kuma, ƙofar C tana bai wa mai rubutu da Python ko Rust ko Kotlin damar shiga.

Idan an gama da wannan, za ku ga na'urorin da kansu sun riga sun yi muku rabin zaɓin. A Android babu GCC: Google ya cire shi daga NDK, wato kayan haɗa C da C++ na Android, tun siga r18 a 2018, kuma a sigar nan aka cire laburarorin C++ na gnustl da STLport, libc++ ya rage. Laburaren C na can kuma Bionic ne, ba glibc ba, ba musl ba. Ke nan Clang ya riga ya shiga gidanku ko kun so ko kun ƙi. A Linux kuwa, ko kun haɗa da Clang, a Debian da Raspberry Pi OS libstdc++ zai ɗauka idan ba ku umarce shi da wani ba, kuma duk laburarorin C++ da ke cikin rumbun waɗannan tsare-tsare da libstdc++ aka haɗa su. Shawarata a nan ita ce ku bar kowace na'ura da laburaren da ta zo da shi, ku kuma tilasta wa kanku cewa kod ɗin ya haɗu da GCC da Clang duka biyun kafin a karɓi kowane gyara. Kowannensu yana ganin kuskuren da ɗayan ke wucewa. Daga cikin kayan gano kuskure, AddressSanitizer yana cikin duka biyun, MemorySanitizer da libFuzzer na Clang ne kaɗai, GCC kuma yana da -fanalyzer tun siga ta 10 a 2020. Ginshiƙin da zai riƙa karanta fayilolin da suka yi yawo daga filashi zuwa filashi yana matuƙar buƙatar a gwada shi da libFuzzer, wanda ke ciyar da manhaja gurɓatattun bayanai ya ga ko za ta faɗi, domin lalataccen fayil sai ya zo.

Game da GLIBC_2.34, ba lalacewa ba ce, haka aka tsara glibc. Yana laƙaba wa ayyukansa lambar siga, kuma alkawarinsa shi ne abin da aka haɗa da tsohuwar siga zai yi aiki a sabuwa, ba akasin haka ba. Ubuntu 22.04 yana da glibc 2.35, Ubuntu 20.04 kuma 2.31. Ku riƙa haɗa abin da za ku raba a kan mafi tsufan tsarin da kuka yarda za ku tallafa wa. Mutanen Python sun daɗe da warware wannan da hotunan Docker, wato shiryayyun tsare-tsaren Linux da ake saukewa a yi haɗi a cikinsu, masu suna manylinux: manylinux2014 yana kan CentOS 7 da glibc 2.17, manylinux_2_28 kuma yana kan AlmaLinux 8, kuma dukansu suna ɗauke da sabon GCC a kan tsohon glibc. Ba sai kuna rubuta Python ba kafin ku ari wannan hoto.

Aminu, Runjin Sambo

Ranka ya daɗe Injiniya, na yarda da maganar ƙofar C gaba ɗayanta. Amma ina ganin ba a yi wa musl adalci ba idan aka wuce shi ba a ambata ba, domin matsalar da Malam Bello ya kawo ita ce ainihin abin da musl ke magancewa. Rich Felker ya fitar da shi a 2011, lasisinsa MIT ne, kuma an gina shi ne da niyyar a iya cusa shi cikin manhaja ba tare da rigima ba. Alpine Linux a kansa yake tun 2014. Fayil ɗin da aka haɗa da musl a cushe ba ya tambayar wane glibc ke cikin na'ura, ƙwayar Linux (kernel) kawai yake buƙata, kuma ga wanda zai tafi Tangaza ko Isa ya girka manhaja a inda babu intanet da za a sauko da wani abin da ya ɓace, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka yi ƙoƙarin yin haka da glibc, mahaɗi (linker) yana yin gargaɗi a kan getaddrinfo da makamantansa, domin glibc yana ɗauko sassan neman sunaye da na sauya tsarin haruffa ne lokacin aiki, ke nan fayil ɗin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Sannan a kan haɗa wa wata na'ura daga kwamfutarka, Clang ya fi sauƙi nesa. GCC yana buƙatar kompaila daban ga kowane nau'in furosesa, Clang kuma guda ɗaya ne, sai ka faɗa masa inda aka nufa da --target. Akwai ma zig cc, wanda Clang ne a ciki amma ya zo da musl da bayanan sigogin glibc, har kana iya rubuta x86_64-linux-gnu.2.17 ya haɗa maka abin da zai yi aiki a tsohon tsari ba tare da Docker ba. Ga mu da muke sayen data da kuɗinmu, saukar da abu guda ƙarami ya fi saukar da hotunan Docker masu nauyi. Na san Zig bai kai siga ta 1.0 ba tukuna, don haka wanda zai dogara da shi sai ya ƙulle siga guda ya ajiye kwafinta.

Malama Hadiza, Arkilla

Assalamu alaikum. Malam Aminu, abin da ka faɗa game da musl gaskiya ne, amma ya ci karo da sharaɗin da Malam Bello ya ce ba za su sauka daga kansa ba. Manhajar da aka cusa wa musl gaba ɗaya ba ta iya ɗauko wani laburare lokacin aiki. Idan ta kira dlopen sai a mayar mata da kuskure. Ke nan babu sassan ƙari. Idan kuma aka ce a yi amfani da musl ba a cushe ba, to dole na'urar ta kasance tana da shi, kuma dole masu rubuta sassan ƙari su ma su haɗa nasu da musl, domin fayil ɗin .so da aka haɗa da glibc ba a dogara da shi a can. Mutumin da ke Birnin Kebbi ko Gusau da Ubuntu a kwamfutarsa zai haɗa sashensa yadda ya saba, ya turo, ya ƙi aiki, kuma ku zai zarga. Inda musl ya dace a wannan aiki, a ganina, shi ne ƙananan kayan aikin da ba su buƙatar ƙari, kamar na kwafe bayanai ko na gyaran rumbun da ya lalace, waɗanda ake son su tashi a kowace na'ura ko da komai ya rikice. A nan ina goyon bayanka ɗari bisa ɗari.

Akwai kuma bambance-bambancen da ba su fitowa sai an daɗe ana aiki. Wurin ajiyar wucin gadi da musl ke bai wa kowane zaren aiki kilobait 128 ne idan ba a nemi ƙari ba, alhali a glibc yawanci megabait 8 ne, don haka kod ɗin da ke kiran kansa da zurfi yana iya wucewa lafiya a ɗaya ya faɗi a ɗayan. Neman adireshi ta DNS a kan TCP ma sai a siga ta 1.2.4, a 2023, aka ƙara shi.

Amma abin da ya sa na shigo maganar shi ne harshe, domin shi ne nake koyarwa kuma shi ne za a fara gani a makaranta. Idan aka ce manhaja ta jera sunayen ɗalibai bisa haruffa, malamin aji yana sa ran ya ga Ɗahiru bayan Dauda, Ƙasimu bayan Kabiru, Shehu bayan Sulaiman, Tsahara bayan Tukur, domin ɓ da ɗ da ƙ da sh da ts haruffa ne masu zaman kansu a abacadar Hausa. Aikin strcoll na musl ba ya duban harshe, kwatanta bait da bait yake yi. Harafin Ƙ lambarsa U+0198 ce, Ɗ kuma U+018A, duka sun fi lambar Z girma, saboda haka duk mai suna da ya fara da su zai koma ƙasan takarda bayan Zainabu da Zubairu. Shi glibc yana da tsarin yanki na ha_NG, wannan gaskiya ne, amma kada wannan ya ruɗe ku, domin sai an girka shi a na'urar kafin ya yi aiki, kuma babu shi a Bionic, babu shi a Windows. Idan kuka dogara da laburaren C wajen jeri, rajista ɗaya za ta fito da jeri iri uku a na'urori uku, kuma lokacin daidaita bayanai wannan yana iya zama matsala ta gaske, ba ta kallo kawai ba.

Don haka ku cire wannan aiki daga hannun laburaren C gaba ɗaya. ICU, laburaren sarrafa rubutun harsuna, yana ɗauke da ƙa'idojin jerin Hausa daga CLDR, rumbun bayanan harsuna na Unicode. Cikakken rumbun bayanansa ya kai kusan megabait 30, wanda ya yi wa ƙaramar waya nauyi, amma tun ICU 64 akwai hanyar tace shi lokacin haɗi a bar harsunan da ake so kaɗai, misali Hausa da Larabci da Turanci da Faransanci. Na ambaci Faransanci ne saboda 'yan kasuwar Illela da Birnin Ƙonni, kuma a nan akwai wani abu: mu a Najeriya muna rubuta 'y, 'yan uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ, sannan alamar ɗauri kanta tana zuwa da lambobi daban-daban gwargwadon allon rubutun wayar mutum. Wanda ya nemi 'yar'uwa dole ya samu ƴar'uwa. Babu laburaren C da zai yi muku wannan, a cikin ginshiƙin za ku rubuta shi sau ɗaya.

Ajami kuma HarfBuzz ne ke haɗa haruffansa, kuma ba ya damuwa da wane kompaila kuka zaɓa. Ku dai tabbatar sigar da kuka ɗauka da fon ɗin da za ku raba sun san haruffan da aka ƙara a Unicode 9.0 a 2016, wato fa'un da ƙaf da nun na salon rubutunmu na Afirka, domin su ne irin waɗanda mai karatun Warshu ya saba gani a allo da kuma tsofaffin takardun da ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Bello, Mabera

Na gode ƙwarai, Injiniya, Malam Aminu da Malama. Na kai wa 'yan uwa maganar ƙofar C da ta ICU, kuma babu wanda ya ja. Abu biyu ne suka rage mana. Na farko, lasisi: idan muka haɗa da GCC, kuma libstdc++ da libgcc suna ƙarƙashin GPL, lasisin da ke wajabta buɗe kod ɗin abin da aka gina da shi aka raba, shin wanda ya rubuta sashe yana sayarwa ba zai shiga tilascin buɗe kod ɗinsa ba? Wannan tsoron ne ya sa wasunmu ke son Clang tun farko. Na biyu, wasu daga cikin na'urorin Raspberry Pi da aka ba mu tsofaffi ne masu bit 32, haka ma wayoyi da yawa. Akwai abin da ya kamata mu kiyaye a kansu tun yanzu?

Malam Shehu, Minanata

Malam Bello, tsoron lasisin yana da asali, amma bai shafe ku ba. GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, yana ƙarƙashin GPL, kuma lokacin da aka koma siga ta 3 ta wannan lasisi a 2007 wasu sun ja da baya: Apple ya tsaya a GCC 4.2.1 ya zuba ƙarfinsa a Clang, FreeBSD ma ya mayar da Clang kompailansa na asali a siga ta 10 a 2014. Sai dai damuwarsu ta shafi masu raba kompailan kansa ko masu gina kayansu a cikinsa. Ku kuwa amfani kawai kuke yi da shi. Abin da GCC ya haɗa ba ya zama GPL saboda GCC ne ya haɗa shi. Su kuma libgcc da libstdc++, waɗanda ɓangarorinsu ke shiga cikin manhajarka, suna da togaciya ta musamman, wadda aka sabunta a 2009, da ta ba ka izinin raba manhajar a kan kowane sharaɗi ka so, a buɗe ko a rufe, ko an cusa laburaren ko ba a cusa ba, matuƙar an yi haɗin da GCC tare da kayan da suka dace da GPL, ko kuma da kompailan da bai samo asali daga GCC ba, kamar Clang. LLVM, wanda Chris Lattner da Vikram Adve suka faro a Jami'ar Illinois a 2000, ya koma lasisin Apache 2.0 da tasa togaciyar tun siga ta 9 a 2019, kuma shi ma bai hana kowa sayarwa ba. Ta fuskar mai sashen ƙari, duka biyun hanya a buɗe take.

Inda ake buƙatar kula shi ne glibc, domin lasisinsa LGPL ne, wato sassauƙan nau'in GPL. Idan manhaja tana ɗauko shi daga na'ura lokacin aiki, kamar yadda aka saba, babu wani nauyi mai yawa. Idan kuwa aka cusa shi a cikin rufaffiyar manhaja, to wajibi ne a bai wa mai amfani hanyar da zai sake haɗa ta da wani glibc, wato a ba shi fayilolin .o. Wannan ƙarin dalili ne na kada ku cusa glibc. Kuma ku sani, lasisin da zai fi shafar masu sayar da sashe shi ne wanda ku da kanku za ku ɗora wa ginshiƙin. Idan kuka sa masa GPL zalla, to ku ne kuka jawo musu tambayar da kuke gudu. Apache 2.0 ko MIT ko MPL 2.0 sun fi dacewa da niyyar da ka bayyana. MPL tana da fa'idar cewa wanda ya gyara fayilolinku ya raba dole ya buɗe gyaran, amma nasa fayilolin nasa ne. Wannan fahimtata ce a matsayin mai aiki da waɗannan kaya, kuma idan kuɗi masu yawa za su shiga, a nuna wa lauya.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. A tsarin bit 32 na gargajiya, time_t lamba ce mai bit 32 da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun farkon 1970, kuma za ta cika ranar 19 ga Janairu, 2038. Yaron da aka sa a aji ɗaya na firamare yanzu, rajistarsa za ta iya kaiwa wannan lokaci, haka ma yarjejeniyar hayar fadama ta shekaru masu yawa tana iya tsallake ranar tun yau. musl ya koma time_t mai bit 64 a kowane furosesa tun siga ta 1.2.0 a 2020. glibc ya ba da zaɓin _TIME_BITS=64 daga 2.34, amma sai an nema. Bionic na Android mai bit 32 kuwa yana nan da bit 32. Wannan ya dawo da mu ga maganar Injiniya: kada time_t ko off_t ko long su bayyana a ƙofarku ta C, domin girmansu yana sauyawa gwargwadon na'ura da zaɓin haɗi, kuma idan ginshiƙi da sashen ƙari suka saɓa a kan girman abu ɗaya, bayanai ne za su gurɓace ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ku sa int64_t a ƙofa da kuma cikin fayilolin da kuke ajiyewa. Raspberry Pi 3 da 4 da 5 da Zero 2 W duka suna ɗaukar tsari mai bit 64, wanda aka fitar a hukumance a 2022, don haka ku sa musu shi. Na farkon da Pi 2 na farko-farko da Zero na asali da Zero W ne ba su iyawa.

Injiniya Umar, Gawon Nama

Malam Shehu ya gama da lasisi. Saura Windows, wanda ba mu taɓa ba, alhali a ofisoshin makarantu shi za a fi samu. Tunda kuna son kaya masu buɗaɗɗen kod, MinGW-w64, kayan haɗa manhajar Windows, ne hanyarku, ko da GCC ko da Clang ta llvm-mingw, kuma duka biyun ana iya haɗawa da su daga Linux. Zaɓin da ke da nauyi a nan shi ne tsakanin laburarorin C biyu na Windows, tsohon msvcrt.dll da UCRT. Ku ɗauki UCRT: yana cikin Windows 10 da 11 tun daga girkawa, ya fi bin ƙa'idar C99, kuma shi ne wanda Visual Studio ke amfani da shi tun 2015, saboda haka mai rubuta sashe da kayan Microsoft zai zauna da ku lafiya ta ƙofar C. A Windows 7 sai an girka sabuntawar KB2999226 kafin ya samu, don haka ku ajiye ta a filashin da kuke yawo da shi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, kuma sababbin kayan haɗi suna ta janye hannu daga gare shi, saboda haka ku rubuta a fili har zuwa wace shekara za ku ɗauke shi, ku kuma ajiye kwafin kayan haɗin da kuka tabbatar suna yi masa aiki.

Maganar Malama Hadiza ta haruffa tana da reshe a nan. Idan aka kira fopen a Windows da sunan fayil mai ƙ ko ɗ ko ɓ, tsohon tsarin haruffa na 1252 ba shi da su, sai fayil ɗin ya ƙi buɗewa ko sunansa ya lalace. UCRT ya fara karɓar UTF-8 ne daga Windows 10 siga ta 1803, wanda bai taimaki mai Windows 7 ba. Ku rubuta aiki guda a cikin ginshiƙin da zai mayar da UTF-8 zuwa UTF-16 ya kira _wfopen ko CreateFileW, ku hana kowa buɗe fayil ta wata hanya.

Kada kuma ku ce za ku haɗa GCC ko LLVM daga tushe a kwamfutocinku. Aiki ne na sa'o'i da ke cin RAM da faifai, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato, da wuce digiri 40 da ɗaukewar wuta, tsohuwar kwamfutar cinya za ta rage gudu ko ta mutu a tsakiya. Ku ɗauki waɗanda aka riga aka haɗa, ku sa ccache domin kada a maimaita abin da bai sauya ba, ku tsaya a C++17 wanda duk kompailolin nan suka ƙware a kansa. GitHub Actions kyauta ne ga ma'ajiyar kod da ke buɗe ga jama'a, saboda haka haɗin Android da Windows da Linux, da GCC da Clang, a can za a riƙa yin sa duk lokacin da aka tura gyara. Idan kun rubuta fayil ɗin .h na ƙofar, Malam Bello, ka kawo shi nan mu duba shi layi-layi kafin ku bai wa kowa.